Ƙashi Ya Haɗe, Ƙafa Ta Ƙi Taka Ƙasa

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan babur ya kayar da kawuna ya karya masa ƙwauri, likita ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya ce alhamdu lillahi, ƙashi ya haɗe, sai a fara takawa. Muka dawo gida da murna. Aka yi sati, aka yi biyu, aka yi wata, Kawu bai taka ba. In zai fita bakin zaure sai yara biyu sun tallafe shi, ƙafar tana reto kamar ta aro. In ka ce, "Kawu, ai likita ya ce ta warke," sai ya dube ka ya ce, "Likita hoto ya gani. Ni ke da ƙafar." Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce raki ne ya zo masa da girma, wasu suka fara raɗe-raɗin ko da hannun wani a ciki. Mutumin da na san yana noma gonarsa da kansa har ya haura sittin, ban yarda raki ne ba. Amma a lokacin ba ni da amsar da zan ba kowa.

Ashe su kansu likitoci sun shafe fiye da shekara ɗari suna jayayya a kan wannan magana: gaɓar da ta ji rauni, hutu take so ko motsi? A ƙarni na 19 an yi wani likita a Liverpool, Hugh Owen Thomas, ɗan gidan maɗora daga yankin Wales, wanda ya gaji ɗori iyaye da kakanni kafin ya karanta likitanci. Aƙidarsa ita ce a hutar da gaɓa hutu na dole, mai tsawo, wanda ba a katsewa. Yana da hujjarsa. A zamaninsa tarin fuka na cin ƙashi da gaɓoɓi, babu maganin kashe ƙwayar cutar, ɗaure gaɓar shi ne kusan duk abin da ke hannun likita. Ƙarfen ɗorin cinya da ya ƙera, wanda almajirinsa Robert Jones ya yaɗa a rundunar Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya ceci rayukan sojoji masu yawa da harsashi ya karya wa cinya. A Paris kuwa, Just Lucas-Championnière akasin haka yake wa'azi. A 1895 ya fitar da littafi sukutum kan jinyar karaya ta hanyar tausa da motsa gaɓa, yana cewa gaɓar da aka daɗe da ɗaurewa ƙagewa take yi. Ra'ayin Thomas ne ya yi rinjaye. Aka yi shekaru ana kwantar da mutane makonni a gado a kan karaya, da haihuwa, da ciwon zuciya, da ciwon baya.

A 1947 wani likita a Landan, Richard Asher, ya rubuta gajeriyar maƙala a kan haɗarin kwanciya a gado. Ya bi jikin majinyaci daga sama har ƙasa yana lissafa abin da gado ke yi masa: jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a huhu, ƙashi ya rage ƙwari, fata ta ɗaye, zuciya ta karaya. Wanda ya auna abin da ma'auni shi ne binciken da aka yi a Dallas ta Amurka a 1966. An ɗauki samari 5 lafiyayyu 'yan shekara 20 aka kwantar da su sati 3, ba ciwo ba komai. Da suka tashi, ƙarfin da jikinsu ke da shi na jan iska ya yi aiki da ita ya ragu da kashi 27 cikin 100. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake tara mutanen nan biyar, kowannensu ya kai hamsin, aka sake auna su. Sai aka tarar ɓarnar da kwanciyar sati 3 ta yi musu suna samari ta fi wadda tsufan shekara 30 ya yi musu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna tsofaffinmu da ake kwantarwa wata da watanni a ɗaki saboda ƙauna.

Dalilin yana cikin yadda aka gina jikin. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe wani ɓangarensa ana sake ginawa, kuma nauyin da ake ɗora masa ne ke gaya masa inda zai ƙara ƙwari. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana wannan tun 1892. 'Yan sama jannati, da ƙafafunsu ba sa ɗaukar nauyin komai, suna asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarin ƙashin ƙugu da cinya duk wata. Ko karayar kanta tana son ɗan motsi. A 1985 Goodship da Kenwright a Ingila sun gwada a kan tumaki, suka ga ƙwaurin da ake ba ɗan ƙanƙanin motsi na 'yan mintuna kullum ya fi wanda aka kafe ƙam saurin haɗewa. Guringuntsin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa kuwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Kamar soso yake, sai an matsa an saki sannan ruwan gaɓa ya shiga ya ciyar da shi. Gaɓar da ba ta motsi, guringuntsinta yunwa yake ji, jijiyoyin da ke kewaye da ita su tsuke, tsoka ta zube. Wannan ne ya sa wasu likitocin tiyata a Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO a 1958, suka dage kan ɗaure karaya daga ciki da ƙarfe da kusoshi. Manufarsu ita ce ƙashi ya zauna daram yadda majinyaci zai fara motsa gwiwa da idon sawu cikin kwanaki, maimakon ya fito daga siminti bayan watanni da ƙashi lafiyayye da ƙafa mara amfani.

Hatta targaɗe, da muke ɗauka ƙaramin abu, ya ga sauyi. A 1978 wani likitan 'yan wasa a Amurka, Gabe Mirkin, ya fito da ƙa'idar da duniya ta haddace: hutu, ƙanƙara, ɗauri, ɗaga ƙafa sama. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa, domin kumburin farko wani sashe ne na aikin gyara da jiki ke yi. Ina girmama malamin da zai janye maganarsa bayan ta yi suna.

Duk wannan bayanin tsoka ne da ƙashi, kuma bai isa ya bayyana halin Kawu ba. Ƙafarsa ta rame, gaskiya ne, amma ramammiyar ƙafa ma tana takawa. Sauran labarin yana cikin ƙwaƙwalwa.

Kowace gaɓa tana da filinta a ƙwaƙwalwa, inda ake karɓar saƙonta ana aika mata umarni, kuma filin nan yana faɗaɗa ko tsukewa gwargwadon aiki. A 2012 masu bincike a Zurich sun bi mutum 10 masu amfani da hannun dama waɗanda suka ji rauni a hannun, aka ɗaure shi. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da farko, suka sake ɗauka bayan kimanin kwana 16. A wannan ɗan lokacin filin hannun dama ya rage kauri, hannun hagu kuma ya ƙara ƙwarewa. Sati biyu kacal. A 2014 Brian Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Ohio suka ɗaure wa wasu lafiyayyun mutane wuyan hannu na sati 4. Rabinsu aka sa su riƙa zama kwana 5 a sati suna raya wa ransu cewa suna matse hannun da iyakar ƙarfinsu, ba tare da sun motsa ko yatsa ba. Da aka kwance, waɗanda ba su yi komai ba sun rasa kashi 45 cikin 100 na ƙarfin hannun, masu rayawa a rai kuwa kashi 24 suka rasa. Ke nan wani kaso mai tsoka na raunin da ke biyo bayan ɗauri, hanyar saƙo ce tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓa ta cushe, kamar turbar gona da aka daina bi ciyawa ta rufe ta.

Wani mai bincike a Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa na koyon barin gaɓa kamar yadda take koyon amfani da ita. Ya yi aiki da birai da aka yanke wa jijiyar ji ta hannu ɗaya. Hannun na iya motsi, amma da birin ya gwada sau da yawa abinci na suɓuce masa, sai ya yi watsi da shi ya koma ga mai lafiyar. In aka ɗaure mai lafiyar na wasu kwanaki, sai ga shi ya koma amfani da wanda ya yasar. Daga nan aka samo wata hanyar jinyar masu shanyewar ɓarin jiki. A wani gwaji da aka wallafa a 2006 a kan mutum 222 a Amurka, an sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri mafi yawan yini na sati 2, ana horar da shanyayyen hannun sa'o'i kullum, kuma ci gaban da suka samu yana nan bayan shekara guda. Kawu ya yi wata huɗu yana koya wa kansa rayuwa da ƙafa ɗaya, kuma ya koya da kyau. Mu kuma da ke kawo masa buta har bakin gado, muna ɗaga masa ƙafar in zai gyara kwanciya, mu ne malaman da suka taya shi haddacewa.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi wuyar fahimta, kuma ita aka fi yi wa mummunar fassara. Mun saba ɗauka cewa zafi ma'aunin rauni ne: babban rauni babban zafi, ƙaramin rauni ƙaramin zafi. Henry Beecher, likitan sojan Amurka a fagen dagar Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tambayi sojoji 215 masu munanan raunuka ko suna son allurar kashe zafi. Kusan uku bisa huɗu suka ce ba sa buƙata. Ya wallafa wannan a 1946, kuma fassararsa ita ce ga sojan da aka ɗauko daga bakin wuta, raunin na nufin ya tsira. A ɗaya gefen kuma akwai labarin da wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta buga a 1995, na wani magini ɗan shekara 29 da ya dira a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. Ko taɓa ƙusar aka yi sai ya yi ihu, sai da aka yi masa allurai masu ƙarfi kafin a zare ta. Da aka cire takalmin, ƙusar ta bi ta tsakanin yatsunsa ne, ko ƙwarzane babu.

Maginin nan bai yi ƙarya ba. Zafin da ya ji zafi ne na gaske. Abin da bincike ya tabbatar shi ne jijiyoyi saƙon haɗari suke aikawa, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa saƙon da abin da ido ya gani, da abin da mutum ya taɓa fuskanta, da abin da yake tsoro, sannan ta yanke hukuncin yawan zafin da zai sa ya kare kansa. Masu bincike Ronald Melzack da Patrick Wall sun buɗe wannan babin a 1965, da suka ce a cikin laka akwai abin da ya yi kama da ƙofa, wadda ke iya rage saƙon ko ƙara shi kafin ya kai sama. Uwar da ke murza wa yaro goshi tana hura masa iska bayan ya yi karo da gini, ƙofar nan take turawa. Waɗanda aka yanke wa ƙafa kuwa, da yawansu suna jin zafi a yatsun da babu su, har wasu na jin kunyar faɗi kada a ce sun taɓu. A shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya gwada sa madubi a tsakiya yadda majinyaci zai ga gaɓarsa mai lafiya a gurbin wadda ya rasa, yana motsa ta. A 2007 wani ƙaramin gwaji a asibitin soja na Walter Reed a Amurka, a kan mutum 22, ya nuna zafin ya ragu ga masu amfani da madubin. Gwajin ƙarami ne kuma hanyar ba ta yi wa kowa aiki, amma madubi bai fi ƙarfin aljihun kowa ba.

A nan dole in tsaya in ja kunne, domin na ga yadda ake karkatar da wannan ilimin. Wani zai ji an ce zafi a ƙwaƙwalwa ake ƙulla shi, sai ya ce wa mara lafiya, "To ashe a ranka ne, ka cire shi." Wannan zalunci ne. Yunwa ma a ƙwaƙwalwa ake jin ta, amma ba wanda ya taɓa ƙoshi don an ce ya cire ta a ransa. Abin da ilimin ke cewa shi ne bayan rauni jiki na ƙara wa ƙararrawarsa kaifi don ya kare wurin, kuma wani lokaci wurin na warkewa ƙararrawar ba ta koma yadda take ba. Hausawa sun riga sun faɗi: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gudun na gaske ne, bugun zuciyar ma na gaske ne, ko da abin da ke ƙasa tsumma ne.

Johan Vlaeyen da Steven Linton sun tsara yadda abin ke kewayawa a wata maƙala ta 2000. Mutum ya motsa ya ji zafi. In ya fassara zafin da cewa wani abu na ƙara lalacewa a ciki, sai ya ji tsoro, ya guje wa motsin. Gujewar ta sa tsoka ta ƙara zubewa, gaɓa ta ƙara ƙagewa, hankalinsa ya tattaru a wurin. Ranar da ya sake gwadawa zafin ya fi na da, sai ya ce ka gani ko, ai na faɗa. Wanda kuma ya fassara zafin da cewa gaɓa ce da ta daɗe ba ta yi aiki ba, yakan ci gaba a hankali ya fita daga da'irar. Wannan ba ciwon ragwaye ba ne. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike masu yawa kan 'yan wasan da aka yi wa tiyatar jijiyar tsakiyar gwiwa ya samu kashi 81 cikin 100 sun koma wani nau'in wasa, amma kashi 55 kawai suka koma gasa, kuma tsoron sake jin rauni na cikin manyan dalilan da suke bayarwa. Waɗannan mutane ne da juriya ce sana'arsu.

Tsoron nan daga ina yake shigowa? Sau da yawa daga baki. A 1994 an ɗauki hoton gadon bayan mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, aka ga kashi 36 cikin 100 ne kawai duk faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu suke daidai, fiye da rabi kuwa suna da faifan da ya ɗan turo. Lafiya lau suke yawo da shi. Amma a nuna wa mai ciwon baya irin wannan hoton a ce masa, "Bayanka ya lalace," ka ga mutumin da zai daina sunkuyawa shekaru. A Helsinki ta Finlan, a 1995, an raba ma'aikatan birni 186 masu sabon ciwon baya gida uku: wasu kwanciyar kwana 2, wasu atisayen baya, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon abin da za su iya jurewa. Na ukun ne suka fi saurin warkewa, masu kwanciya suka zo ƙarshe.

Mu a wurinmu ba bakin likita kaɗai ba ne. Dubiya sunna ce mai kyau, kuma ba na fatan ranar da za mu bar ta. Amma ku saurari hirar da ake yi a gefen katifar mai karaya. Wannan ya kawo labarin wanda ya yi gaggawar takawa ƙafar ta sake ɓallewa, wancan ya kawo na wanda har ya rasu bai miƙe ba, wata ta ce irin wannan karayar in sanyi ya shiga shi ke nan. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, ya ajiye lemo ya ajiye tsoro ya tafi. Majinyacin kuma yana kwance yana lissafin buhun da ya ƙare da kuɗin makarantar yara. Damuwar ma tana da nata kason a jiki. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta sun yi wa mata 13 masu jinyar 'yan'uwa da suka kamu da ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka yi irinsa ga wasu 13 sa'anninsu da ba sa ɗauke da wannan nauyin. Raunin masu jinyar ya ɗauki kimanin kwana 49 kafin ya rufe, na sauran kimanin 39.

Kada wani ya ɗauki duk wannan ya ce motsi ya fi laɓewa a kowane hali. Binciken da kansa ya sa iyaka. A 2015 an wallafa wani babban gwaji a kan mutum 2,104 da suka samu shanyewar ɓarin jiki, inda aka riƙa tayar da rabinsu daga gado akai-akai tun cikin awa 24 na farko. An yi tsammanin za su fi samun sauƙi. Bayan wata 3, kashi 46 cikin 100 nasu ne suka samu kyakkyawan sakamako, alhali waɗanda aka bi da su a sannu sun kai kashi 50. A buguwar kai kuma, irin ta wanda ya faɗo daga babur ko 'yan ƙwallo suka yi karo, tsohuwar shawarar kulle mutum a ɗaki mai duhu kwanaki ta faɗi. Wani gwaji a Buffalo ta Amurka a 2019 a kan matasa 103 ya samu masu tafiya ko tuƙa keke a hankali, ƙasa da inda alamun ciwon ke tashi, sun warke cikin kimanin kwana 13, sauran kwana 17. Amma sai bayan hutun kwana ɗaya ko biyu ake farawa, kuma sai likita ya tabbatar jini bai taru a kai ba. Wanda ake zargin ya karye a wuya ko gadon baya kuwa, ɗaukarsa a karkace a jefa shi bayan a-kori-kura na iya tsinka masa laka har abada. Motsi magani ne mai awo da lokaci, kamar kowane magani.

Abin da ya fi damuna shi ne mun juya awon nan kai a ƙasa. Akwai zafin da ya wajaba a saurara cikin gaggawa, kuma shi ne muke cewa a daure. Yaro ya karye a hannu, an kai shi wurin maɗori, an jera kara an ɗaure tamau. Dare ya yi yaro na ihu, yatsu sun kumbura sun yi sanyi, launinsu ya sauya, in an miƙe su sai ya zabura. Sai a ce ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne kumburi ya rasa wurin zuwa, ya danne jijiyoyin jini, kuma cikin 'yan sa'o'i tsoka ke fara mutuwa. Richard von Volkmann ya bayyana ƙanƙancewar hannun da ke biyo bayan matsattsen ɗauri tun 1881. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu kan yaran da ake kawo musu da ruɓaɓɓen hannu bayan irin wannan ɗori, sai yankewa. Ban raina maɗora ba. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, an amince da su, kuma karaya da yawa da fata ba ta fashe ba ta haɗe a hannunsu. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da aka buɗe tun 1959, ba zai iya ɗaukar karayar Arewa duka ba. Amma duk maɗori da duk uwa sun cancanci su san cewa zafin da ke ƙaruwa a ƙarƙashin sabon ɗauri, na siminti ne ko na kara, umarni ne a kwance yanzu a nufi asibiti. A farkon rauni muna ba da haƙuri a inda ya kamata mu firgita, a ƙarshensa kuma muna firgita a inda ya kamata mu ce bismillah a taka.

Kawu ya samu kansa ne a hannun wani ma'aikacin sashen gashi, wato sashen gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, bayan likita ya sake duba ƙashin ya tabbatar ba abin da ya goce. Bai yi masa gardama ba, bai kuma ce masa babu zafi ba. Cewa ya yi, "Baba, zafin da kake ji gaskiya ne. Ƙafar ce ta daɗe ba ta yi aiki ba, za mu tuna mata." Ya kawo sikelin awon nauyi ya ajiye a ƙasa, ya ce ya dafa bango ya danna ƙafar har allura ta kai kilo 10, ya tsaya a nan. Kawu ya danna, ya dubi allurar, ya dubi ƙafar, babu abin da ya ɓalle. Aka ba shi ƙa'ida: zafin da ya lafa kafin gobe, a ci gaba, in wurin karayar ya kumbura ko ya riƙa suka yana ƙaruwa, a tsaya a dawo. Bayan 'yan kwanaki kilo 20, sannan 30. Mu kuma aka ce mu daina kai masa buta, mu ajiye ta a bakin ƙofa. Wannan ya fi komai yi wa 'ya'yansa mata wuya, har sai da ɗaya ta yi kuka.

A sati na bakwai ya tafi masallacin unguwa da sanda ɗaya, daga baya ya jingine sandar. Yanzu yana zuwa gona. Idon sawun ne bai dawo duka ba, domin watannin da ya yi a sandare sun tsuke shi, kuma ma'aikacin gashin ya ce da an fara motsa shi tun ranar da aka fasa simintin, da wataƙila an ƙwato fiye da haka. In Kawu ya zauna tahiya, ƙafar ba ta lanƙwasuwa ƙarƙashinsa, sai ya miƙe ta gefe, shi ya sa kullum yake neman ƙarshen sahu ta wajen bango.